Minti Goma Sha Biyar na Baba Mai Agogo

Kafinta da hannunsa ya sa wa kabad ɗin kicin kwaɗo. Ya auna, ya huda katakon wuri huɗu, ya ɗaure kunnuwan ƙarfen da noti, ya ja ya ji sun kama, sannan ya zura makullin cikin zoben makullan shagonsa. A bayan ƙofar nan akwai kwalin sukari mai ƙwaya, da kwalbar zuma, da madarar gwangwani, da duk wani abu mai zaƙi da gidan ya mallaka. Mahaifinsa na zaune a kujerar roba yana kallonsa har aka gama. Sannan ya ce aiki ya yi kyau, sai dai notin ƙasa ya ɗan karkace.

"Don lafiyarka ne, Baba."

"Na sani," in ji tsohon.

Wata biyu ke nan da likita ya ce ciwon sukari ne, ya rubuta ƙwayar da za a riƙa sha safe da yamma. Kafinta ya ɗauki abin da zafi. Ya sayi ɗan injin gwaji, kullum da safe kafin ya fita sai ya huda yatsan Baba, ya ɗiga jinin, ya jira lamba ta fito, ya ɗauki hotonta ya tura wa yayarsa da ke aure a wani gari. Yaya kuwa ba ta taɓa fasa amsawa ba: Allah ya yi maka albarka, Auta, kai ne ka riƙe mana uba.

Addu'ar nan tana masa daɗi, har ba ya son ya tsaya ya tambayi kansa yadda take masa daɗi. Ya rage biredin Baba daga yanka uku zuwa ɗaya. Shayi babu sukari, babu madara. Shinkafar rana ya ce wa matarsa kada ta wuce cikin tafin hannu, sauran farantin a cika da ganye. Magani kuwa ba a taɓa tsallake shi ba ko sau ɗaya, shi yake miƙawa, ya tsaya har a haɗiye. Lamba ta sauko daga ɗari biyu da wani abu zuwa ɗari da arba'in, zuwa ɗari, zuwa tamanin. Ranar komawa asibiti ta zo ta wuce. Kafinta ya ce me za a je yi, ga lamba nan tana magana da kanta.

Baba gyaran agogo yake yi, shekara arba'in da 'yan kai. Ko da waya ta kashe kasuwar, yana da ɗan teburinsa a barandar gida, da hantsaki, da ƙananan sukundireba jere a kan farin ƙyalle, da gilashin da yake maƙalawa a ido. Masu tsohon agogo da ba sa son rabuwa da shi har yanzu suna nemo shi.

A wannan teburin matar Kafinta ta fara ganin abin. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta fito shanya, ta tarar da shi rigarsa ta jiƙe sharkaf kamar an watsa masa ruwa, alhali garin babu zafi. Hantsakin na rawa a hannunsa yana buga gefen agogo. Ya ɗago ya ce, 'yata, ko cokali ɗaya na sukari. Ta ce makulli na wajen maigida. Ya dafa tebur ya miƙe, ya tsallaka titi yana tangaɗi zuwa shagon mai aski, abokinsa tun na ƙuruciya. Kafin ta gama shanya ya dawo garau, ya zauna, ya ƙarasa gyaran agogon.

Da Kafinta ya dawo cin abincin rana ta gaya masa. Ko hannu bai wanke ba ya ɗauko injin, ya huda yatsan Baba. Lamba ta fito ɗari da sittin. Ya juya fuskar injin ya nuna masa.

Baba bai yi musu ba. Ya ce alawa uku ya karɓa wajen mai aski, kuma ya duba agogo. Goma sha ɗaya da minti biyar ya sa a baki. Goma sha ɗaya da minti goma sha biyar rawar hannu ta lafa. Goma sha ɗaya da minti ashirin kansa ya washe, har ya iya mayar da allurar daƙiƙa a mazauninta. Ya ce wannan ne karo na huɗu, kuma duk sau huɗun lissafin bai canza ba: minti goma sha biyar.

A nan ne Kafinta ya ga ya kama zaren. Shi mutum ne da ya san komai na gaskiya yana cin lokaci. Gam sai ya kwana kafin ya kama katako. Fenti sai ya yini. Zazzaɓi ma, da allura da komai, sai ya yi kwana uku. To wane irin ciwo ne zai shigo goma sha ɗaya ya fita goma sha ɗaya da minti ashirin, kuma maganinsa ya zama daidai abin da likita ya hana?

"Baba, ciwon da alawa ke warkarwa cikin minti goma sha biyar, sunansa kwaɗayi."

Tsohon ya dube shi ta saman gilashinsa. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafinta ya ce shi kuma kafinta ne ke hawa sama ya ga inda kwanon ya huje, ya yi dariya shi kaɗai.

Da yamma ya tsallaka shagon mai aski. Akwai mutum uku a benci suna jiran layi. Mai aski ya tarbe shi da wasa, ya ce ga ɗan sandan sukari ya iso, kowa ya ɓoye aljihunsa. Ya ce shi da Mai Agogo sun fara raba alawa tun Kafinta bai san hanyar duniya ba. Kafinta bai yi dariya ba. Ya ce duk ranar da aka yanke wa mahaifinsa ƙafa saboda wannan alawar, nan shagon zai kawo ƙafar ya ajiye masa a kan kujera. Mai aski ya kashe injin askin, ya dube shi, ya ce to, uban mutum nasa ne. Daga nan Kafinta ya biya wajen mai kantin kusurwa, ya ja masa kunne shi ma. Kafin gari ya waye layin gaba ɗaya ya san cewa Mai Agogo ya zama sai an tsare shi kamar yaro.

Kwanakin da suka biyo baya ba su da daɗin faɗa. Wandon Baba ya fara zamewa, Kafinta ya ƙara wa bel ɗinsa huda biyu, yana cewa ai rage jiki ma lafiya ce. Tsohon ya daina karɓar aiki da hantsi. Wata rana ya yi ƙarfin hali, hannunsa ya kufce, ya karya allurar agogon wani dattijo da ya gada daga mahaifinsa. Ya ba da haƙuri har sau uku, da mutumin ya tafi ya naɗe farin ƙyallen da kayan aikin a ciki. Wata rana kuma, yana cikin zufar nan, matar Kafinta ta kawo masa ruwa, ya ture kofin ya zage ta, zagin da ba ta taɓa jin irinsa a bakinsa ba. Bayan an ci abincin rana ya ga idonta ja, ya tambaye ta wa ya taɓa ta. Bai tuna komai ba.

Ta ce wa mijinta zufar nan dai ba ta yi kama da ta ƙarya ba, mutum ba ya ƙirƙiro zufa. Kafinta ya ce haka masu shaye-shaye suke yi in an hana su, su ma har zufa suke yi, har zagi. Ya ce in ta fi likita sani ta faɗa. Ta gaya wa kanta cewa makulli ba a hannunta yake ba, kuma uban ba nata ba ne.

Kowa a lamarin nan yana da abin da yake gaya wa kansa. Yaya ta ce a waya tsufa yarinta ne, a yi haƙuri da shi amma kada a sassauta. Mai aski ya ce sha'anin gida ne. Mai kanti ya ce shi umarni aka ba shi. Kafinta kuwa yana da lamba, kullum da safe, saba'in da takwas, saba'in da biyu, kowace ta fi ta jiya kyau a idonsa.

Ranar wata Lahadi yana gyara ƙafar gadon Baba, ya ga agogon bango da ke ɗakin ya tsaya. Agogo ya tsaya a ɗakin mai gyaran agogo, wannan abin a duba ne. Ya sauke shi ya buɗe bayansa. An cire batir, a gurbin an jera ƙulli biyar na takarda, kowane ƙulli ƙwayar sukari uku, ba biyu ba, ba huɗu ba. Ashe da safe, in an buɗe kabad za a haɗa shayin mutanen gida, tsohon yana wucewa kamar zai ɗebi ruwa, ya ɗauke 'yan ƙwayoyi.

Kafinta ya fito tsakar gida da ƙullin a hannu, ya kira Yaya, ya buɗe muryar wayar yadda kowa zai ji. Ya ce, Yaya, abin ya kai Baba ya fara sata. Yaya ta yi salati. Baba na zaune a kujerarsa, taku uku daga wayar. Bai ɗago ba. Sai da aka kashe ya yi magana, a hankali, kamar mai roƙon alfarma wajen baƙo.

"Ka bar mini ƙulli ɗaya. Ba zan taɓa ba sai rawar ta zo."

Kafinta ya ce da ɗaya ake farawa. Ya kwance su duka ya mayar cikin kwali, ya rufe, ya ja kwaɗon ya ji ya kama. Daga ranar ya ce shi zai riƙa buɗewa da safe, shi zai rufe.

Kwana huɗu bayan haka yana shago, yana goge ƙofar wani da aka ce za a zo ɗauka da yamma. Goma sha ɗaya da minti goma waya ta yi ƙara. Matarsa ce. Ta ce Baba na zufa fiye da kullum, maganarsa ma ba ta fita daidai, yana ta kiran sukari. Kafinta ya maƙale wayar a kafaɗa bai daina gugar ba. Ya ce ta ba shi ruwa ya kwanta, ƙarfe ɗaya yana nan tafe. Ta sake kira, injin yankan katako na aiki, ya ga hasken wayar a kan benci ya bar ta. Kira na uku lambar mai aski ce, mutumin da ya yi kusan wata biyu bai gaishe shi ba. Wannan ya ɗauka.

A hanyar asibiti, cikin motar haya, ya ji sauran. Da ta ga abin ya wuce misali, matarsa ta karya dokarsa, ta ruga maƙwabta neman sukari. Gida na farko ba kowa, na biyu sai da aka nemo. Da ta dawo ba ta samu Baba a baranda ba. Yana kicin, kwance a gaban kabad, hannunsa na dama ya lanƙwashe a ƙarƙashinsa. Ɗan sukundireban agogo na gefensa. Notin ƙasa, wanda ya karkace, ya fito rabi. Ta ɗaga kansa ta kira shi, bai amsa ba, ba ya iya haɗiye komai.

Nas ɗin da ta karɓe su doguwa ce, ba ta da yawan magana. Ta huda yatsan, injinta ya nuna talatin da huɗu. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta nemi jijiya ta tura ruwan sukari da babban sirinji. Kafinta na tsaye a ƙafar gado yana kallon abin da ya yi wata biyu yana kullewa ana ɗura shi kai tsaye cikin jinin ubansa. Ba a jima ba fatar idon tsohon ta motsa. Ya buɗe ido, ya dubi silin, ya tambayi ƙarfe nawa.

Sai a lokacin nas ta juyo. Ta tambayi wa ke kula da shi. Kafinta ya ce shi ne, ya ciro waya ya nuna mata hotunan lambobin, don ta ga ba sakaci aka yi ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Ta tambayi abin da yake ci, ya faɗa. Ta tambaya ko an gaya wa likita an rage abincin haka. Ya ce a'a.

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce ƙwayar da yake sha aikinta ta danna sukari ƙasa, ba ruwanta da ko an ci ko ba a ci ba. An auna ta ne da mutumin da ke cin yanka uku, aka ci gaba da ba wanda ke cin ɗaya. Ta ce hawan sukari yana ɓarna a hankali, cikin shekaru, faɗuwarsa kuwa tana iya gama mutum kafin abincin rana. In rawa da zufa suka zo, ƙwaya uku ko huɗu na sukari, a jira minti goma sha biyar, a sake gwadawa, sannan a ba shi abinci. Saurin da yake warkewa shi ne shaidar cewa sukarin ne ya faɗi. In kuwa an gwada bayan ya sha, dole a ga lamba ta hau, ai shi ya sa aka sha.

"Mutum yana jin abin nan a jikinsa kafin ya faɗi. Bai taɓa gaya muku ba?"

Kafinta ya dubi takalminsa, da garin katako a kai. Matarsa ce ta amsa, daga bakin ƙofa.

"Ya faɗa. Har mintocin ya faɗa."

Wuyan hannun Baba na dama ya karye a faɗuwar, aka ɗaure shi da filasta, likita ya rage maganin da rabi, ya ce a mayar masa da abincinsa. Game da hannun ya ce zai haɗe, amma aikin da ke son yatsu su tsaya cak, a wannan shekarun, kada a sa rai.

Washegari da yamma Yaya ta iso, ko jakarta ba ta ajiye ba ta fara tambaya. Me ya faru? Ina aka yi sake? Kafinta ya buɗe baki. Tun jiya yake shirya maganar, ya san daga inda zai fara, daga kwaɗon. Baba ya riga shi.

Ya ce laifinsa ne. Ya sha magani ya ƙi cin abin karin da aka kawo masa, don haushin an hana shi sukari, ya zuba wa kaji a ɓoye. Taurin kai ne irin na tsufa. Ya ce Auta ya yi iya ƙoƙarinsa, kada wanda ya ga laifinsa.

Yaya ta yarda nan take. Ta yi wa tsohon faɗa har da hawaye, ta ce yana so ya mayar da su marayu saboda ƙwayar sukari. Sannan ta juyo ta kama hannun Kafinta ta ce Allah ya ba shi 'ya'yan da za su yi masa yadda ya yi wa mahaifinsa. Matarsa ta fita daga ɗakin. Kafinta bai iya cewa amin ba.

Gidansu babu kaji. Yaya ma ta sani, da ta tsaya ta tuna. Wata biyu mutumin nan yana faɗin gaskiya, da awa da minti, ba wanda ya yarda. Ya yi ƙarya sau ɗaya, ƙaryar da ko tsari ba ta da shi, aka karɓa hannu bibbiyu, saboda ita ce ta dace da abin da aka riga aka yanke a kansa.

Kafinta ya yi ta juya abin a ransa a barandar asibiti. In ya faɗi gaskiya, ya ƙaryata ubansa a gaban 'yarsa, karo na biyu ke nan zai kira shi maƙaryaci, wannan karon ma da hujja. In ya yi shiru, ya ci albarkar da ba tasa ba. Ya zaɓi shiru, ya ce don girman Baba ne. Amma ya san irin sauƙin da ya ji a ƙirjinsa lokacin da Yaya ta yarda, kuma ya san wannan sauƙin ba na Baba ba ne.

Ranar da aka sallame su ya kwance kwaɗon. Ramuka huɗu suka rage a jikin ƙofar. Ya cike su da garin katako da gam, ya goge, ya shafa fenti, duk da haka in haske ya bugi ƙofar ana ganinsu. Ya zuba sukari a ɗan gwangwani ya ajiye a kan teburin baranda, kusa da naɗaɗɗen farin ƙyallen, ya bar murfin a buɗe. Ya tsallaka wajen mai aski ya ba shi haƙuri. Mai aski ya ce ba shi ne mai karɓar wannan haƙurin ba, ya ci gaba da askinsa.

Da aka rage magani abin ya daina zuwa kullum. Sai bayan kusan wata guda, ranar da Baba ya yi tafiya mai ɗan nisa da safe zuwa gaida wani maras lafiya. Kafinta na gida ranar, yana ɗakinsa, ya ji tsayuwar mutum a bakin ƙofa. Ya ɗaga labule. Baba ne, goshinsa ya jiƙe, yana dafe da bango da hannun hagu. Ya baro baranda, ya wuce gwangwanin a buɗe, ya tako tsakar gida gaba ɗaya a haka.

"Kafinta, ɗauko injin ka gwada ni tukuna. Kada a ce."

Kafinta bai ɗauko injin ba. Ya ruga ya kawo gwangwanin, ya zaunar da shi a bakin gado, ya sa masa ƙwaya uku a tafin hannu. Tsohon ya dube su, ya dubi ɗansa, bai kai baki ba sai da Kafinta ya ce, sha, Baba, don Allah sha.

Ya sa su a baki. Sannan ya miƙa hannun hagunsa mai rawa, ya ce a kwance masa agogon da ke ɗaure a hannun. Kafinta ya kwance. Baba ya tura masa shi cikin tafin hannu ya rufe yatsunsa a kai.

"Riƙe. Ka ƙirga da kanka."

Goma sha ɗaya da minti bakwai ne. Kafinta ya durƙusa a ƙasa da agogon a hannu, allurar daƙiƙa na zagayawa. Ba a taɓa neman wani abu mai yawa daga gare shi ba, ashe. Ba kuɗi ba, ba ilimin likita ba. Ya zauna kusa da ubansa minti goma sha biyar ya gani da idonsa, shi ke nan, kuma wata biyu bai samu lokacin ba.

Goma sha ɗaya da minti goma sha bakwai rawar ta lafa. Goma sha ɗaya da minti ashirin da biyu Baba ya share goshinsa, ya miƙa hannu a mayar masa da agogonsa. Bai tambayi nawa aka samu ba.